Babi na 6: Kwarkwata da Ƙirga Kwanakin Taje Kai

Darasi na 1: Mu san ta tukuna

Iyayena da 'yan'uwana mata, sannunku da ƙoƙari. A ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane layi, a karanta a hankali. Wadda wata kalma ta tsaya mata, ta tambayi ta kusa da ita.

Kwarkwata girmanta kamar ƙwayar riɗi ne. Ƙafafunta 6. Ba ta da fiffike, ba ta kuma tsalle irin na ƙuma, rarrafe kawai take yi. Masu bincike sun ƙirga irinta wajen 5,000 a duniya, mafi yawansu a jikin tsuntsaye suke. Iri 3 ne kaɗai ke zama a jikin ɗan Adam: ta kai, ta tufa, da ta gashin mara. Jini suke sha.

Ta kai ba alamar ƙazanta ba ce. Kai ne ke taɓa kai wajen barci ko wasa, ko a yi aron mataji da ɗankwali. Don haka kar a kunyata yarinya a gaban ƙawayenta.

Darasi na 2: Ƙwai, da kwanaki huɗu

Nan ne zancen yake, a natsu.

Macen kwarkwata tana yin ƙwai wajen 6 a rana, ta manna shi a gindin gashi. Ku duba bayan kunne da ƙeya. Amosani idan aka hure shi yana tashi. Ƙwai ba ya tashi, sai an ja shi da farce. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan lamba, 7, a rubuta ta a littafi yanzu. Ta rubutu? Madalla.

Ga yadda ake yi. A tsefe kitso duka. A wanke kai. A shafa mai, ko man kaɗe ne, har gashi ya yi santsi. A ɗauki mataji mai ƙananan haƙora matsattsu, ba babban matajin kitso ba. A raba gashi kashi-kashi, a ja tun daga gindi har baki. Kowane ja, a goge mataji a jikin farin ƙyalle, a duba.

Ranar farko za ku ga ƙyalle da kwarkwata da yawa, yarinya ta daina susa, ku ce an gama. Ba a gama ba. Manyan kuka cire, ƙwai yana nan.

Sau 4 ake yi: rana ta 1, ta 5, ta 9, ta 13. Idan an fara ranar Asabar, sai Laraba, sai Lahadi, sai Alhamis. Mu faɗa tare: Asabar, Laraba, Lahadi, Alhamis. A ƙara. Wadda rubutun ranakun bai zauna mata ba tukuna, ta ja layi 4 da gawayi a bangon ɗaki. Duk ranar da ta taje, ta goge ɗaya. Muddin akwai layi a bango, kar a kai yarinya wurin mai kitso.

Me ya sa sau 4? Ƙaramar da ta fito daga ƙwai sai ta yi wajen kwana 9 kafin ta isa yin nata ƙwan. Idan kuna dawowa a kan kari, kuna kama ta tun ba ta isa ba. Kuka tsallake, ta girma, aiki ya koma farko.

A ajin da na koyar bara a cikin garin Sakkwato, wata baiwar Allah ta dawo tana cewa dabarar ba ta ci. Na ce, “Inna, sau nawa kika yi?” Ta ce sau ɗaya, Larabar ta zo daidai da suna a maƙwabta. Na san hidima tana da yawa. Amma fisabilillahi, kun iya riƙe ranar kwasar adashi, ba ta taɓa shige muku ba, sai ranar kan 'yarku? Na gaji da maimaita wannan. Sau 4. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Wadda ta sayi maganin kwarkwata a kemis, ta sa a karanta mata takardar jikinsa. Yawancinsu ba sa kashe ƙwai duka, shi ya sa ake sake sawa bayan kamar mako guda. Ita ma ta ja layinta a bango.

Kananzir da fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa, kar su kusanci kan yaro. Guba ne, fata tana shan sa, kananzir kuma ga murhu a tsakar gida. Ban yarda ba ko kaɗan.

Darasi na 3: Ta tufa

Wannan a ɗinkin riga take ɓuya, ta fi yawa da hunturu, lokacin da ake jimawa ba a sauya kaya ba. Ita ce mai ɗaukar cuta. A 1909 wani likitan Faransa, Charles Nicolle, da ke aiki a birnin Tunis, ya lura cewa masu zazzaɓin taifus suna daina yaɗa shi da zarar an yi musu wanka an raba su da tufafinsu. Ta haka ya gano kwarkwata ce ke kai cutar, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1928. Taifus daban, taifod da kuka sani daban.

A wanke kaya da ruwa mai zafi ƙwarai, a shanya a rana, a bi ɗinkin da dutsen guga.

Darasi na 4: Ta kaji

Wannan gashin kaza take ci, ba ta iya rayuwa a kan mutum. A share akurki. A zuba toka da yashi a inuwa, kaji su yi birgima.

Darasi na 5: Ta awaki

Jar akuyarku idan tana yawan goga jiki a bango, a buɗa gashinta a duba, a kai ta wurin malamin dabbobi.

Aikin gida: a rubuta 1, 5, 9, 13, sau biyar.