Yadda za a riƙe ƙaramar tawaga mai aiki daga nesa yayin da take girma

Muddin ma'aikata ba su wuce huɗu ko biyar ba, aiki daga nesa kan tafi salin-alin ba tare da wani tsari na musamman ba, domin kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake ciki. Matsala takan kunno kai ne idan aka ci gaba da ɗaukar sabbin hannu alhali ana tafiya a kan tsohuwar hanya. Tsakanin mutum 5 akwai alaƙa 10 ta mutum bibbiyu, tsakanin mutum 10 akwai 45, idan kuwa aka kai mutum 20 sai ta zama 190. Babu shugaban da zai riƙe wannan da ka, saboda haka abin da a da yake faruwa da kansa, yanzu sai an shirya shi da gangan.

A fara da rubutu. Duk shawarar da aka yanke, a rubuta ta a wuri guda da kowa zai iya buɗewa, tare da ranar da aka yanke ta, da dalilinta, da sunan wanda aikin ya rataya a wuyansa. Kamfanin GitLab, wanda ma'aikatansa suke warwatse a ƙasashe da dama, ya shahara da kundin ƙa'idojin aikinsa da ya ajiye a intanet kowa na iya karantawa. Ƙaramar tawaga ba ta buƙatar kundi mai girman wannan, shafuka kaɗan a Google Docs ko Notion sun wadatar, in dai ana sabunta su. Kada a dogara da zauren hira wajen adana shawara, domin saƙo kan nutse a ƙarƙashin wasu ɗaruruwa, kuma tsarin kyauta na Slack, manhajar hirar ma'aikata, yana ɓoye saƙonnin da suka wuce kwana 90.

Bayan haka a yi yarjejeniya a kan abin da ake nufi da gaggawa. A fayyace cewa kiran waya na abin da ba zai jira ba ne, saƙon hira kuwa ana iya amsa shi kafin a tashi aiki, imel kuma zuwa washegari. Duk lokacin taro a rubuta shi tare da agogon da ake nufi, domin ko tazarar awa 5 da ke tsakanin Landan da New York takan koma 4 na makonni biyu ko uku a watan Maris, saboda Amurka tana riga Ingila matsar da agogo gaba da awa ɗaya, kamar yadda ƙasashen biyu suke yi kowace shekara. Idan kuma dole ne wani ya halarci taro da asuba ko da tsakar dare, a riƙa karɓa-karɓa, kada wahalar ta tsaya a kan mutum ɗaya kullum.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne ganawar shugaba da kowane ma'aikaci shi kaɗai. A ofis, fuska takan tona asirin mai damuwa tun kafin ya buɗe baki, amma mai aiki daga nesa yana iya shafe wata guda cikin ƙunci ba wanda ya sani. Alamun sukan zo a hankali: wanda ya saba rubuta dogon bayani ya koma amsa da "to" ko "na gani", ya daina kunna kyamara, aikinsa ya fara shigowa ƙarfe biyun dare, tambayoyinsa kuma suka ɗauke ɗif. Shiru a irin wannan aiki ba ya nufin lafiya. A ware masa minti 30 kowane mako ko bayan mako biyu, a ɗauki wannan lokaci da muhimmanci kamar na ganawa da babban abokin ciniki, kada a soke shi don wani uzuri ya taso. Kada kuma a mai da shi zaman karɓar rahoto, tun da rahoto yana nan a rubuce. A tambaye shi abin da yake tare masa hanya, da abin da bai fahimta ba a shawarar da aka yanke kwanan nan, da ko kayan aikinsa da intanet ɗinsa suna isarsa, sannan a yi haƙuri a saurara, domin amsar gaskiya ba kasafai take fitowa a tambayar farko ba. Abin da aka yi alkawarin gyarawa a gyara shi kafin zama na gaba, in ba haka ba zai daina faɗa.

Sabon ma'aikaci ya fi kowa saurin jin kaɗaici, domin bai san wanda zai tunkara ba, kuma yana jin nauyin damun shugaba da ƙananan tambayoyi. A haɗa shi da abokin aiki guda da zai zame masa ɗan jagora a watansa na farko, a buɗe masa duk asusun da yake buƙata tun kafin ranar farawa, a kuma ba shi ƙaramin aiki da zai iya kammalawa cikin 'yan kwanaki, don ya ga hannunsa a cikin tafiyar.

Hutu ma yana buƙatar kariya, tun da gida da ofis sun zama wuri ɗaya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin lamarin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ba a shawo kansa ba, Faransa kuwa tun 2017 take da dokar da ta tanadi haƙƙin ma'aikaci na kashe na'urorin aiki bayan an tashi. Shugaban da ke aika saƙo da dare yana koya wa kowa cewa haka ake so, ko da ya ce ba sai an amsa ba, don haka gara ya saita saƙon ya tafi da safe. Manhajojin leƙen allon ma'aikaci kuwa ba na ba da shawararsu ko kaɗan, domin amana suke rushewa, alhali sakamakon aiki ya isa ma'auni.

Zumunci a ƙafa yake, saboda haka idan da hali a riƙa haɗuwa ido da ido ko da sau ɗaya ne a shekara. Idan kuma wasu suna zaune a ofis ɗaya saura suna nesa, kowa ya shiga taro ta kwamfutarsa, kuma duk maganar aiki da aka yi bayan an katse kira a rubuta ta a aika wa waɗanda ba sa wurin a ranar.