Yadda Ake Samo Kuɗin Kare Daji da Namun Dawa

Kafin neman tallafi, ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki da mutum biyu za su riƙa sa hannu. Ku zana taswirar dajin, ku tanadi takardar da ke nuna mai iko da filin, don rigimar fili kan ruguza aiki tun bai kankama ba.

Shirin ƙananan tallafi na GEF (asusun kula da muhalli na duniya), wanda UNDP (hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta fara gudanarwa a 1992, yakan ba ƙungiyoyin al'umma kuɗin tallafi. Amma tallafi yana ƙarewa, albashin masu sintiri kuwa ba ya tsayawa. Tun farko ku ware masa kaso daga kuɗin kiwon zuma ko na masu yawon buɗe ido. Ku adana kowane rasit, domin rahoton da babu rasit kan sa a riƙe kashi na gaba.