Yadda za ka auna kabon ɗin da kamfaninka ke fitarwa

Mutane da yawa in sun ji maganar auna kabon, wato iskar CO2 da ke fita in an ƙona mai, sai su ɗauka wata na'ura ake kafawa a bakin salansar mota ko inji. A'a, yawanci lissafi ne kawai, ka ɗauki adadin abin da ka ƙona ka ninka da lambar da masana suka riga suka fitar. Litar dizal ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon, fetur wajen 2.3, to in janareta ya sha lita 1,000 ka fitar da tan 2.7 kenan. Gwamnatin Birtaniya tana sabunta irin waɗannan lambobi duk shekara kuma kyauta suke a intanet.

Ka fara da tara rasit na wata 12, na mai da na wuta, sannan ka raba su gida uku yadda tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar da kamfanoni ke bi wajen wannan lissafi, ya tanada. Na farko abin da kai da kanka ka ƙona a motoci da injina, na biyu wutar lantarkin da ka saya. Kar ka manta da gas ɗin esi da firij fa, in irin gas ɗin esin da ake kira R-410A ya yi yoyo kilo ɗaya tak daidai yake da kusan tan 2 na kabon, shi ya sa ake mayar da kowace iska zuwa ma'auni ɗaya wato CO2e, ma'ana adadin kabon da zai yi illa daidai da tata.

Na ukun nan ne wahalar take kuma nan ne mutane ke zillewa, kayan da ka sayo daga wasu, dakonsu, zirga-zirgar ma'aikata, shara, har amfanin da kwastoma zai yi da kayanka, rukuni 15 ne gaba ɗaya kuma a kamfanoni da yawa shi ya fi sauran biyun nauyi nesa ba kusa ba. Gaskiya duk rahoton da ya tsallake shi ni ban yarda da shi ba. Ka tambayi masu kawo maka kaya alƙalumansu, in ba su da shi ka yi ƙiyasi daga kuɗin da ka kashe amma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙiyasi ne.

In kaya ɗaya kake son aunawa, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna kabon ɗin kaya, wato ISO 14067, za ka bi, tun daga ɗanyen kaya har ranar da za a jefar da shi, sai ka raba jimilla da yawan da ka ƙera. Shekarar farko ka ajiye ta da kyau don da ita za ka dinga kwatanta na gaba, kuma in ka sauya hanyar lissafi sai ka koma ka gyara ta ita ma.