Yadda ake sa jinyar tattaunawa ta kama ƙwaƙwalwa

Abin da ake maimaita wa ƙwaƙwalwa shi ke sauya ta. Ƙwayoyin jijiyar da ke aiki tare a kai a kai mahaɗarsu ƙarfi take ƙarawa, wadda aka daina amfani da ita kuma ta yi rauni. Da wannan ne CBT, wato jinyar tattaunawa mai gyara tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960, take cin nasara. A 1992 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon waswasi, suka tarar waɗanda suka samu sauƙi ta hanyar horon ɗabi'a sun nuna sauyi irin na waɗanda suka sha magani.

Sai dai zama da likita sau ɗaya ne a mako, minti 45 zuwa 60, mako kuwa awa 168 ne. Aikin gida shi ne ƙashin bayan jinyar.

A ce kai mai kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ka yi hatsari a danfo, wato ƙaramar bas ta haya, yanzu ko hon ka ji sai gabanka ya faɗi. Amigdala, sashen da ke buga ƙararrawar tsoro, ta haɗa mota da halaka. Duk ranar da ka ƙi shiga mota ka ji sanyi a ranka, ƙara gaskata ta ka yi.

Ku zauna da likita ku jera matakai kamar goma, kowanne da makin tsoro daga 0 zuwa 10: tsayuwa a tasha 3, zama cikin motar da ba ta tashi ba 5, Ketu zuwa Ojota 7, haye gadar Third Mainland 10. Fara da mai 3. Kafin ka fita rubuta abin da kake tsoron zai faru. Ka daure minti 30, ko har makin ya ragu da rabi, sannan ka rubuta abin da ya faru a zahiri. Saɓanin rubutun biyu shi ne darasin da gaban ƙwaƙwalwa ke ɗauka ya danne amigdala. Maimaita sau huɗu ko biyar a mako kafin ka hau mataki na gaba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sauka daga mota tsoro na kan ganiyarsa, domin ƙwaƙwalwa gudu za ta ɗauka ya cece ka. Rufe ido ko haɗiyar ƙwayar kwantar da hankali kafin tafiya ma haka suke. Ga kuma barci, wanda cunkoson Legas ke cinye wa mutane: a cikinsa sabon koyo ke zama daram, don haka nemi awa bakwai.

In tsoron ya dawo bayan watanni, ba jinyar ce ta lalace ba. Tsohon koyo danne shi ake yi, ba a goge shi, shi ya sa ake sauya wurin atisaye: yau danfo, gobe babbar bas ta BRT, wata rana da daddare.

Mai fama da mugun mafarkin hatsarin kada ya fara shi kaɗai. Akwai masana halayyar ɗan Adam a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, da asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. In Turanci bai zauna maka ba, tafi da tafinta wanda ba ka jin nauyin magana a gabansa.