Hattara da NOT IN idan kuna saka tambaya cikin tambaya a SQL

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu aiki da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. A ce makaranta tana da teburan bayanai biyu masu suna dalibai da biya, ana son fitar da ɗaliban da ba su biya kuɗin zango ba. Abin da aka fi saurin rubutawa shi ne:

SELECT suna FROM dalibai WHERE id NOT IN (SELECT dalibi_id FROM biya);

Tambayar ciki ta kawo jerin lambobi, ta waje ta tace da su. Lafiya lau, har ranar da layi ɗaya a teburin biya ya zo da NULL, wato ba a saka komai ba, a gurbin dalibi_id. Daga nan ko suna ɗaya ba za ku gani ba, kuma babu wani gargaɗi, sai ku ɗauka kowa ya biya. Dalili kuwa, a wurin SQL NULL ba sifili ba ne, abu ne da ba a san shi ba, don haka ba zai iya tabbatar da cewa lambar ɗalibi ta bambanta da shi ba.

Ni dai NOT EXISTS nake ba da shawara:

SELECT suna FROM dalibai d WHERE NOT EXISTS (SELECT 1 FROM biya b WHERE b.dalibi_id = d.id);

Shi wannan, NULL ba ya rikita shi. Idan kuma tambayoyin sun fara hawa kan juna har karatu ya gagara, ku ba ta ciki suna da WITH. Sai dai masu amfani da manhajar rumbun bayanai ta MySQL 5.7 su lura, WITH sai daga MySQL 8.0 yake aiki.