Kurakuran ajiye makirfo a zaure mai amsa kuwwa, da gyaransu

Yawancin zaurukan biki a Damagaram bangon siminti ne, ƙasa tayil, sama rufin kwano. Irin wannan ɗaki yana mayar da siraran sauti da ƙarfi, shi ya sa in aka saurari abin da aka naɗa sai a ji algaita tana sukar kunne, kalangu kuma ya rasa kaurinsa. Da yawa sai su ruga su murɗa maɓallin bas, wato na ƙara kaurin sauti, alhali matsalar tana wurin da makirfo yake tsaye.

Babban kuskure shi ne nisa. Duk lokacin da aka ninka tazarar makirfo daga mai waƙa, muryarsa tana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), amma kuwwar ɗakin ba ta raguwa, sai ta rinjaye shi. A matso da makirfo zuwa santimita 5 zuwa 10 daga baki. Makirfo mai kama gaba kawai, irin su Shure SM58, yana ƙara kaurin murya da kansa in an matso kusa, kuma wannan kaurin ne ake nema.

Algaita kuwa, kada a cusa mata makirfo a baki kai tsaye, domin nan ne kaifinta ya fi fita. A ja shi baya santimita 30 zuwa 40, a karkatar da shi gefe kamar digiri 30 zuwa 45. Kalangu a ɗauke shi daga santimita 15 zuwa 20, makirfo na kallon gefen fata, kada ya kalli inda makaɗi ke sauka.

Wani abin da ake sakaci da shi: a makirfo mai kama gaba kawai, bayansa ne wurin da ya fi kurumta. A juya bayan ga lasifikar da ke gaban mawaƙi ko ga bango mafi kusa. Kuma mawaƙi ya daina dunƙule kan makirfo da tafin hannu. Hakan na toshe ƙananan ƙofofin da ke bayan kan makirfon, murya ta koma kamar daga cikin gwangwani, shewar lasifika ta biyo baya.

In makirfo biyu suna kusa da juna, a bi ƙa'idar uku da ɗaya: in kowanne yana santimita 20 daga abin kiɗansa, tsakaninsu ya kai aƙalla santimita 60. In ba haka ba sautin zai fito siriri, kamar an cire masa ciki.

A shimfiɗa kafet ko tabarmi biyu ƙarƙashin makaɗa, a rataya bargo mai kauri a bayansu, a bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango. Sannan a tuna, in an gwada sauti da la'asar a zauren da babu kowa, zai fi kaifi. Da dare jikin mutane da manyan riguna suna shanye siraran sauti, don haka a sake saurara da abin sauraro na kunne bayan waƙar farko kafin a taɓa komai.