Yadda za ka nemi zaman taimakon juna idan kana son rabuwa da giya

Mashayi a ƙasar Hausa kaya biyu yake ɗauke da su: kwalbar, da ɓoyon kwalbar. Ya sha a can nesa da unguwa, ya tauna kanumfari kafin ya shigo gida, ya kwanta yana rantsuwar daga yau ya daina. Gobe da magariba ƙafa ta sake ɗaukarsa. Wa zai gaya wa? Don irinsa aka ƙirƙiro zaman da mashaya ke haɗuwa su riƙe juna. Mafi shahara ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda Bill Wilson da wani likita, Bob Smith, suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, su biyun duk giya ta taɓa kayar da su.

Kafin ka nemi kowane zama, fara duba jikinka. Idan da safe hannunka na karkarwa, gumi na keto maka, ba ka dawowa daidai sai ka kurɓa, to kada ka yanke sha rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da gane-gane, galibi cikin kwana biyu zuwa uku bayan kofin ƙarshe, kuma ana mutuwa a haka. Je ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Na san sunan da mutane ke kiran irin wuraren nan, kada ya hana ka zuwa. Gidan mari kuwa, inda ake sa wa mutum sarƙa, ba magani ba ne.

A asibitin ne za ka yi tambaya ta gaba. Ce wa likita ko nas: "Akwai inda masu fama da irin matsalata ke haɗuwa?" Ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ma suna da masu ba da shawara. In ba a samu a kusa ba, wayarka ta isa. Rubuta AA online meetings a Google, za ka ga jerin zaman da ake yi ta Zoom dare da rana. Yawanci da Turanci ne, wannan kam cikas ne ga wasu. Amma kana iya rufe kyamara, ka sa abin sauraro a kunne, ka zauna a mota ko a shago bayan an tashi.

Lura da irin zaman. Buɗaɗɗe kowa na iya shiga, har matarka ko yayanka. Rufaffe na masu son daina sha ne kawai, kuma wannan niyyar ita kaɗai ce sharaɗin zama ɗan ƙungiya.

Ranar farko ita ce mai nauyi, don haka bari in gaya maka abin da za ka tarar. Kujeru, mutane, mai jagorantar zama wanda shi ma mashayi ne da ya daina. Za a yi ɗan karatu, sai a shiga magana ɗaya bayan ɗaya. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa, ba sunan uba, ba unguwa, ba wurin aiki. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi. In aka zo kanka ba ka shirya ba, ce "yau sauraro na zo yi", a wuce. Ba a biyan kuɗin rajista. Ana zagayawa da ɗan kwando, mai hali ya jefa. Kamar awa ɗaya an tashi. Wanda ka gani a can da abin da ka ji, a can za ka bar su. In ka yi kiciɓis da ɗan unguwarku, tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

Wasu na ɗari-ɗari don sun ji ana yawan yin zaman a harabar coci. Ɗaki ne ake ara, AA ba ta wani addini ba ce. Matakai 12 da ta tsara wa mai son daina sha suna ambaton Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi. Musulmin Amurka sun kafa tasu, Millati Islami, a Baltimore a 1989. Akwai kuma SMART Recovery ta 1994, wadda ta fi karkata ga dabarun sarrafa tunani.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Gwada biyar ko shida a wurare daban. Sannan ka sa ido kan wanda ya daɗe bai sha ba, maganarsa kuma ta kwanta maka, ka roƙe shi ya zama jagoranka. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Karɓi lambarsa, ka kira shi a lokacin da abin ke taso maka, kafin ka hau babur, ba bayan ka dawo ba. Alkawarin da za su nema daga gare ka na yau ne kaɗai, awa 24.

In ka zame ka sha, koma zama na gaba ka faɗa. Kusan duk wanda ke ɗakin ya san ɗacin wannan safiyar. Iyalinka ma suna da nasu zaman, Al-Anon, tun 1951.

In kuwa garinku babu ko ɗaya, a tsarin AA mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sun isa ƙungiya. Nemi likitan nan ya haɗa ka da wani mai irin niyyarka, ku tsayar da rana da wuri.